Muhawara: Fim ɗin da ya sa ni hawaye bai ci kyauta ba, wanda ya ci kuwa ban gane kansa ba

Bakatsinen_Kaduna:
Assalamu alaikum 'yan uwa. A makonni ukun da suka wuce na ɗora wa kaina kallon fina-finai biyar da suka kai zagayen ƙarshe na kyautar Oscar ta 2024 a rukunin fina-finan da ba da Turanci aka yi su ba, wato na Italiya da Birtaniya da Japan da Sifen da Jamus. Na Italiya, Io Capitano, labarin wasu samari biyu 'yan uwan juna ne da suka bar Dakar a ɓoye, suka bi ta Mali da Agadas da sahara da Libiya suna neman ƙetarawa Turai. Fim ɗin ya sa ni zubar da hawaye a gaban iyalina, alhali na manta rabona da yin kuka a kan wani abu da na gani a allo. Amma da aka yi bikin ranar 10 ga Maris 2024 a Los Angeles, wanda aka miƙa wa kyautar shi ne na Birtaniya, The Zone of Interest, fim ɗin da na zauna na kalla tun daga farko har ƙarshe ina jiran a fara labari, har aka rufe ba a fara ba. Abin da na gani kawai shi ne mace tana kula da furanninta, yara suna wanka a kududdufin gida, maigida yana fita aiki a kan doki yana dawowa. Tambayata ga waɗanda suka kalla ita ce, shin idona ne bai kai ba, ko kuwa masu ba da kyautar suna da wani ma'auni dabam da na mu masu kallo?

Uwar_Biyu:
Wa alaikumus salam. Malam, ba kai kaɗai ba ne. Ni wurin da ya karya mini zuciya shi ne inda wata mata ta faɗi a cikin rairayi ƙishirwa ta ci ƙarfinta, jagoran tafiyar ko waiwaye bai yi ba, yaron nan Seydou ya koma da gudu yana ɗura mata ruwa, ɗan uwansa yana kiransa kada ayari ya ɓace musu. Daga nan aka nuna shi yana tafiya riƙe da hannunta tana shawagi a sama kamar ba ta mutu ba. A nan na tsayar da fim ɗin na tashi na leƙa ɗakin yarana, domin babban nawa shekararsa 16, daidai da shekarun yaron. Ɗayan fim ɗin kuwa minti 20 na yi na kashe.

Mai_Kyamara:
Kafin in ce komai, ina so in tambayi Malam Bakatsine a kan me ya kalli The Zone of Interest, kuma a wane yanayi. Dalilin tambayar shi ne, fim ɗin nan biyu ne a haɗe, akwai wanda ido ke gani, akwai wanda kunne ke ji, kuma na kunnen shi ne ainihin labarin. Gidan da aka nuna na Rudolf Höss ne, kwamandan sansanin Auschwitz, inda gwamnatin Hitler ta Jamus ta tsare mutane tana hallaka su a lokacin yaƙin duniya na biyu, kuma katangar lambun matarsa ita ce katangar sansanin. Darakta Jonathan Glazer ya ƙi tsallakawa da kyamara ya nuna kisa ko sau ɗaya, sai ya bar mai kallo da ƙarar harbi jefi-jefi, da ihun mutane can nesa, da haushin karnuka, da wani gurnani marar yankewa da ke fitowa daga inda ake ƙona gawarwaki, a daidai lokacin da iyalin ke shan shayi suna hirar inda za su je hutu. An dasa kyamarori har kusan goma a cikin gidan, ma'aikatan fim suka fice daga ɗakunan, domin 'yan wasan su yi ta zirga-zirga kamar ba a kallonsu. Shi ya sa bayan kyautar da Malam yake magana a kai, fim ɗin ya ci kyautar sauti ma, ya doke fim ɗin Oppenheimer da ya kwashe kyaututtuka 7 a wannan daren. Wanda ya kalle shi a waya, ko a falo ana hira, gaskiya rabin fim ya gani, kuma rabin da babu komai a cikinsa.

Bakatsinen_Kaduna:
Ka kama ni, Malam Mai_Kyamara. A talabijin na falo na kalla da daddare, an ɗauke wuta, janaretona da na maƙwabcina suna ta ruri a bayan taga. Farkon fim ɗin da allo ya yi baƙi na tsawon mintuna ma na ɗauka talabijin ɗin ce ta lalace, har na tashi na taɓa wayoyin bayanta.

Ɗan_Agadas:
Ni haifaffen Agadas ne, kuma na kalli Io Capitano da wata irin zuciya da ba irin taku ba, saboda abin da kuke kallo a matsayin labari ni a ƙofar gidanmu ya riƙa wucewa. Tun ina yaro na san ranar Litinin ce ranar tashin ayari zuwa Dirku da iyakar Libiya, kuma na sha ganin motocin Hilux maƙare da mutane, ƙafafunsu na reto a waje, kowa ya rungume sandar da aka kafa a tsakanin cinyoyinsa don kada ya faɗo, fuska a naɗe da rawani, ga jarkokin ruwa da aka ɗinke da buhu saboda zafin rana. Wannan duk fim ɗin ya kawo shi daidai. Inda wani ya faɗo daga mota direba ya ƙi tsayawa, ban yi mamaki ba, domin na ji irin wannan daga bakin waɗanda suka dawo.

Sai dai akwai abubuwa biyu da suka tsaya mini a rai. Na farko, garin da aka nuna da sunan Agadas ban gane shi ba, daga baya na fahimci cewa a Maroko aka ɗauki mafi yawan ɓangaren sahara. Wanda ya san launin ginin ƙasarmu da doguwar hasumiyar babban masallacinmu ba zai ruɗu ba. Na biyu, duk direban da ya bayyana a fim ɗin mugu ne marar imani. Ba na musun akwai irinsu, amma akwai wani maƙwabcinmu dattijo da ya shekara da shekaru yana wannan sufuri a fili, da takardunsa, yana ciyar da gida mai mutum fiye da goma, har aka kafa dokar 2015 da ta haramta jigilar baƙin haure, aka fara kama motoci ana ɗaure direbobi. Tafiyar ba ta tsaya ba, sai dai ta koma ɓoye, direbobi suka riƙa kauce wa rijiyoyin da aka sani suna bin hanyoyin da in mota ta lalace babu mai wucewa. A watan Nuwamban 2023 hukumomin soja suka soke dokar. Duk wannan babu shi a fim ɗin, garinmu zango ne kawai da jarumi ya ratsa. Na yi kuka kamar yadda Malam ya yi, amma da na share hawaye sai na ji haushi ya biyo baya.

Malamin_Tarihi:
Allah ya saka da alheri, Ɗan_Agadas, wannan bayani ya fi ƙarfin abin da za a samu a allo. Ni zan koma kan fim ɗin da Hajiya Uwar_Biyu ta kashe, in roƙe ta ta sake ba shi dama. A sansanin Auschwitz da ke ƙasar Poland, wadda Jamus ta mamaye a lokacin, an kashe mutane kimanin miliyan 1 da dubu 100, mafi yawansu Yahudawa, kafin sojojin Tarayyar Sobiyet su iso a watan Janairun 1945. Shi Höss an rataye shi a 1947 a cikin sansanin, ba nisa da gidan da ya rayu da matarsa da 'ya'yansa biyar. An yi fina-finai da dama a kan wannan kisan ƙare-dangi, kuma galibinsu suna sa mai kallo ya tsaya a gefen wanda aka zalunta, ya tausaya, ya tashi yana jin shi mutumin kirki ne. Wannan kuwa a falon azzalumi ya zaunar da mu. Wurin da ya fi tsaya mini shi ne zuwan mahaifiyar matar, wadda da rana take yaba arzikin da 'yarta ta samu, da dare kuma jan hasken wuta ya cika mata taga ta kasa barci, gari na wayewa aka tarar ta tafi ba sallama, ta bar 'yar takarda. 'Yar ta karanta, ta jefa takardar a murhu, ta koma kan karin kumallonta. Ban yi kuka ba ko kaɗan, amma kwana uku ina tuna wannan murhun.

'Yar_Damagaram:
Ina da ja a kan yadda ake ta yabon Io Capitano. Yaya Ɗan_Agadas ya taɓo gefen maganar, ni zan ƙarasa ta. Fim ne da aka yi da harshen Wolof da Faransanci, 'yan wasansa 'yan Afirka, wahalar da aka nuna ta 'yan Afirka ce, amma da sunan Italiya ya shiga gasa, kuma daraktansa Matteo Garrone ɗan Italiya ne. Ban ce wannan laifi ba ne, ya yi aiki da mutanen da suka yi tafiyar da ƙafarsu, kuma yaron da ya fito a Seydou ya cancanci kyautar matashin ɗan wasa da aka ba shi a bikin Venice na 2023. Abin da ya dame ni shi ne inda aka tsayar da labarin. An nuna muguntar sahara, an nuna gidan azabar Libiya inda ake dukan mutum har sai ya ba da lambar wayar danginsa a nemi kuɗin fansa, amma da jirgin ruwa ya hango gaɓar Italiya sai aka rufe fim da jirgi mai saukar ungulu a sama da yaro yana ihun murna. Matashin nan ɗan ƙasar Gini da aka ɗauko labarin tuƙin jirgin daga rayuwarsa, da ya isa can tsare shi aka yi bisa zargin safarar mutane. Me ya sa kyamarar ta gaji daidai inda laifin masu gida zai fara?

Uwar_Biyu:
Ƙanwata, ni ban ga murna zalla a fuskar yaron nan ba a ƙarshen. An daɗe ana nuna fuskarsa, yana ihu yana kuka, daga baya fuskar ta fara sauyawa kamar wanda ya fara tunanin abin da ke jiransa. Wataƙila ni ce na ɗora masa tsorona, amma haka na gani.

Dattijon_Zongo:
Gaisuwa daga Kumasi. Yara, kun tsaya a kan fina-finai biyu kamar su kaɗai ne a gasar, ga na Japan nan ba wanda ya ambata, kuma ni shi ne ya zauna mini. Perfect Days labarin wani dattijo ne mai wanke ban-ɗakunan jama'a a birnin Tokyo. Yana tashi da asuba in ya ji ƙarar tsintsiyar wata tsohuwa a titi, ya naɗe shimfiɗarsa, ya fesa wa 'yan tsirransa ruwa, ya sayi kofi na gwangwani, ya shiga motarsa ya sa kaset, ya je ya yi aikinsa har da ɗan madubi yake leƙa ƙarƙashin masai don kada datti ya ɓuya masa. Da rana ya ci abinci a ƙarƙashin bishiya ya ɗauki hoton ganye, da dare ya yi karatu har barci ya ɗauke shi. Gobe ma haka. Jikana da muka fara kallo tare ya ce, Kaka, wannan ai jiya ce ake maimaita mana, ya tashi ya bar ni. Ni kuwa na yi shekara 31 ina buɗe shago ɗaya a lokaci ɗaya, na san abin da ke cikin irin wannan maimaici, na kuma san ranar da 'yar uwar mutumin ta zo da babbar mota da direba ta tambaye shi ko da gaske wankin ban-ɗaki yake yi, abin da ya sa ya tsaya shi kaɗai yana kuka bayan ta tafi. Da ni ne alƙali, shi zan ba.

Bazazzagi_09:
Baba, Allah ya ƙara girma. Ni na Sifen ne ya hana ni cin abincin dare. Society of the Snow labarin gaske ne na jirgin saman ƙasar Uruguay da ya faɗi a tsaunukan Andes a watan Oktoban 1972 ɗauke da mutum 45, cikinsu har da 'yan wasan ƙwallon zari-ruga, aka ceto 16 bayan kwana 72 a cikin ƙanƙara. Abin da ya raya su shi ne naman 'yan uwansu da suka rasu. Fim ɗin bai yi wasa da abin ba, ya nuna yadda suka daɗe suna gardama, wasu suna cewa addininsu bai yarda ba, har wasu suka riƙa ba da izini tun suna da rai cewa in sun mutu a ci nasu. Duk da haka na kasa daina tambayar kaina abin da zan yi da ina cikinsu, kuma amsar da nake samu ba ta yi mini daɗi ba.

Almajirin_Ilimi:
Malam Bazazzagi, halaccin cin mushe ga wanda yunwa ta kai shi bakin halaka yana nan a aya ta 173 ta Suratul Baƙara, amma game da naman ɗan Adam malaman mazhabobi sun yi saɓani, kuma ba mas'alar da za a yanke a zauren hirar fim ba ce. Abin da na ɗauka daga maganarka shi ne fim ɗin ya sa ka tuhumi kanka, kuma abin da Malamin_Tarihi ya faɗa ke nan game da na Birtaniya. Wataƙila irin wannan tuhumar ce masu zaɓen suke nema, ba hawaye ba.

Mai_Kyamara:
Ina ganin ya kamata mu rage girman da muke ba kalmar alƙalai. Ba wasu dattawa biyar ba ne suke zama a ɗaki su auna fim da sikeli. Ƙungiya ce ta masu sana'ar fim mai mambobi wajen dubu goma, 'yan wasa da daraktoci da masu tace hoto da masu sauti, kuma ƙuri'a suke kaɗawa. Kowace ƙasa fim ɗaya take turawa, a wannan shekarar ƙasashe fiye da 80 suka tura, aka tace zuwa 15, sannan zuwa 5. Kamfanonin da ke rarraba fina-finan suna kashe maƙudan kuɗi wajen talla da shirya wa mambobi kallo na musamman, don haka fim ɗin da ba shi da mai tsaya masa a Amurka da wuya a ma san da shi. Kuma ku lura da abin da 'Yar_Damagaram ta faɗa, ba Italiya kaɗai ba ce. Na Birtaniya da Jamusanci aka yi shi, na Japan kuma Bajamushe ne, Wim Wenders, ya ba da umarninsa.

Mu ma nan gida Najeriya mun ɗanɗana. A 2019 an cire Lionheart na Genevieve Nnaji daga gasar saboda Turanci ya rinjayi maganganunsa. Shekarar da ta biyo aka tura The Milkmaid, wanda Hausa ce ta fi yawa a cikinsa, aka tura Mami Wata don gasar 2024, sannan Mai Martaba da aka ɗauka a Daura, wanda Adam A. Zango ya fito a ciki, don gasar 2025. Babu wanda ya shiga cikin 15 ɗin.

Uwar_Biyu:
The Milkmaid na kalle shi, kuma ban buƙaci wani ya ce mini a Amurka an yaba ba kafin in san ya taɓa ni. Tun daga ranar ban sake duban 'yan matan nan biyu masu ƙwaryar nono da ke bayan takardar naira 10 kamar da ba, domin an ce daga hotonsu aka samo tunanin labarin. Maryam Booth ta ci kyautar fina-finan Afirka ta AMAA ta 2020 da shi, kuma ta cancanta. Amma na karɓi roƙon Malamin_Tarihi, zan sake gwada The Zone of Interest idan yara sun tafi makaranta.

'Yar_Damagaram:
Tunda an zo maganar gida, a tuna cewa Afirka tana da nata ma'aunin tun 1969 a bikin fina-finai na FESPACO da ake yi a Wagadugu, kuma wanda ya fara cin babbar kyautarsa a 1972 ɗan Nijar ne, Oumarou Ganda. Ban ga an buɗe zaure ana muhawara a kan waɗanda suka kai zagayen ƙarshe a can ba. Tambayata ta ɗazu kuma tana nan, Hajiya ta ba ni fassarar fuskar yaro, amma ba a ba ni dalilin rufe kyamara ba.

Bakatsinen_Kaduna:
Na dawo da rahoto. Jiya bayan sallar isha'i na bi shawarar Mai_Kyamara, na ari abin sauraro mai rufe kunne duka, na kashe fitila, na sake kallon The Zone of Interest a kwamfuta. Wallahi kamar wani fim dabam aka sauya mini. Wurin da matar ta shiga ɗaki ta rufe ƙofa tana gwada wata rigar gashi a gaban madubi, ta laluba aljihu ta ciro jan-baki ta shafa, a kallon farko ban ɗauke shi komai ba. Jiya kuwa ina jin abin da ke tashi a bayan katanga, sai na gane mai rigar tana can, ko kuma ta riga ta zama hayaƙin da ke bin saman lambun. Wajen tsakiyar fim na cire abin sauraron don in huta, sai na ji unguwarmu tsit, na daɗe ban mayar ba.

Duk da haka ban janye maganata gaba ɗaya ba. Na yarda an yi gwaninta, na yarda kuskurena ne na farko, amma in aka ce in zaɓi wanda zan tara ƙannena da 'ya'yan yayyena in nuna musu, Io Capitano zan ɗauko, domin a cikinsu akwai biyu da suka fara maganar Libiya. Kuma har yanzu ban kai ga cewa komai a kan na Jamus ba, The Teachers' Lounge, wanda matata malamar makaranta ta ce shi ne ya fi duka, saboda ta san yadda zargin sata ɗaya yake hargitsa ɗakin malamai.

Ɗan_Agadas:
In za ka nuna musu, Malam, ka zauna tare da su har ƙarshe, kada ka ba su a waya su kalla su kaɗai. Na nuna wa wani ƙanen abokina da niyyar in tsorata shi, da aka gama na tambaye shi abin da ya gani, sai ya ce mini ai yaron ya isa.